Hawan Dutsen Kurma

Gidan Atika na Bodinga suna da wata al'ada da maƙwabta suka daɗe suna yi musu dariya a kanta. Duk shekara idan an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, sanyi ya sauka sosai, sai su ɗaure kaya su kama hanyar kudu, su wuce Shagari, su je su hau Dutsen Kurma. Kwana uku suke yi. Yara su tsinci magarya da kanya, maza su bi zabin daji, mata su zauna a hantsi su huta da daka. Mutane kan ce wane mai hankali ne zai bar ɗakinsa da wutarsa ya tafi kan dutse cikin ɗari. Atika ba ta taɓa tanka musu ba. A gindin dutsen nan aka haife ta, can aka yi mata aure, can kuma aka kashe mijinta.

Shekara ashirin da biyu ke nan da faruwar abin. A zamanin, ko da yake ƙasa tana hannun Sarkin Musulmi, ƙauyukan da ke nesa da ganuwa ba su da kwanciyar hankali, don mahara kan ɓullo daga yamma su kwashi mutane da dabbobi. Mutanen Kurma suna da mafaka, wani kogo can saman dutse wanda wata tsamiya da wani ƙaton dutse suka rufe bakinsa. In ba ɗan garin ba, ko ka wuce ta gabansa sau goma ba za ka gan shi ba. Ranar da mahara suka zo, Atika tana Bodinga, ta kai ɗanta Arzika wurin mai maganin ido. Da ta koma bayan kwana biyu ta tarar da gari ya zama toka. Ta hau dutse da gudu. A bakin kogo ta samu mijinta Maniru kwance da wasu maza biyu, gatarinsa na nan a hannunsa. Mata da yara goma sha bakwai an tafi da su, har da ƙanwarta Rahamatu, wadda watanta biyar da aure.

A can cikin kogon, a wata tsaga, ta ji wani ɗan motsi. Ta sa hannu ta jawo jaririya naɗe da zane, muryarta ta dishe don kuka. Dije ce, 'yar Haliru mai shanu da matarsa Ladi. Ita Ladi tana cikin waɗanda aka kama. Haliru ya ce yana daji da dabbobinsa, bai san abin da ake ciki ba sai da ya hango hayaƙi. Ya yi ta birgima a ƙasa yana kuka har sai da aka rirriƙe shi.

Waɗanda suka saura suka watse. Haliru ya koma Shagari da shanunsa, Atika ta zauna Bodinga. Ita ta raini Dije da nonon akuya da kunu har ta shekara bakwai, sannan ta mayar wa ubanta. Da yarinya ta girma Arzika ya aure ta, ta dawo gidan da ta yi rarrafe, ta haifi 'ya'ya biyu. Haliru kuwa ya zama babban mutum a Shagari. Garkensa ya cika, yana ciyar da malamai, yana sahun gaba a masallaci. Bai taɓa bin su hawan dutse ba. Yakan ce zuciyarsa ba za ta ɗauki ganin wurin ba, kowa kuma yana tausaya masa.

Wata rana a ƙarshen kaka Atika tana tsakar gida ita kaɗai tana kaɗi, Arzika da Dije sun tafi fadama dashen albasa da yara, sai ta ji sallama da wata irin Hausa mai nauyin baki. Wata mace ta shigo, baƙa, ramammiya, kanta duk furfura, ƙafafunta sun tsattsage. Ta tsaya a bakin ƙofa. Atika ta ɗauka mai neman sadaka ce, har ta miƙe za ta ɗebo gero, sai matar ta ce, "Yaya, ke ta kuwa?"

Mazari ya faɗi daga hannun Atika.

Sun daɗe rungume da juna a ƙasa. Da kuka ya lafa, Rahamatu ta sha ruwa ta ba da labari a gutsure. An kora su da igiya a wuya, an sayar da ita sau uku, har ta ƙare a Gwanja inda ake sarin goro. Ta haifa wa ubangidanta ɗa namiji. Da mutumin ya mutu aka 'yanta ta, amma danginsa suka riƙe yaron. Ta yi shekara huɗu tana zagaya gidan ko za ta gan shi, har aka kore ta daga garin. Sai ta bi ayarin fatake tana yi musu girki, wata biyar a hanya. Cikin su goma sha bakwai ba ta san inda ko ɗaya take ba, sai Ladi, wadda aka yar a gabanta tana bakin mutuwa.

"Wa yar rage cikin mutanenmu?" ta tambaya.

Atika ta shiga lissafa mata. Da ta zo kan Haliru ta ce ai yanzu surukinta ne, sai Rahamatu ta ajiye ƙwaryar ruwa.

"Shina da rai?"

"Shina nan Shagari lahiya lau. Mi ya faru?"

"Yaya, shi ya nuna musu kogo. Da idona na gan shi."

Ta faɗi abin da ta gani, ba ta ɗaga murya ba. Atika ta saurara har ƙarshe. Ta tuna tuwon da ta tuƙa wa mutumin nan duk lokacin da ya zo Bodinga, da yadda take shimfiɗa masa tabarmar da ta fi kyau, da ranar da ya dafa kan Arzika ya ce shi ne ubansa tunda Maniru ba ya nan. Ta tashi ta je bayan ɗaki. Da ta dawo idonta ya bushe.

"Kowa ya gan ki kina shigowa?"

"Ban sani ba. Wa zai gane ni?"

"To tashi. Ba nan za ki kwana ba."

Kafin masu fadama su dawo ta raka ta Sifawa, gidan wata tsohuwar ƙawarta matar wani malami, ta ce baƙuwa ce marar lafiya, a riƙe mata ita. Kwana ashirin Rahamatu ta yi a can. Kwana ashirin kuma Atika ta yi tana ci da sha da Dije, tana goya jikokinta, ba wanda ya ga canji a fuskarta, sai dai ta rage cin abinci.

Ta san in ta kai ƙara gaban alƙali, maganar mace ɗaya ce da ta dawo daga bauta, a kan mutumin da gari duka ke gaishe shi da durƙuso. Zai rantse, a tashi. Don haka ta bi ta hannun Dije. Wata safiya suna tankaɗe ta ce, "Ɗiyata, ni da babanki mun tsufa. Ina son ko sau ɗaya mu tsaya tare inda anka ɗauke uwarki, mu yi musu addu'a, yaran ga su gani. Ni in na roƙe shi ba shi ji. Ke ko ba shi ƙin taki."

Dije ta ji daɗin maganar. Ta tafi Shagari ta kwana biyu tana lallashi, ta dawo da murna ta ce Baba ya yarda.

Suka tashi ranar Talata da sassafe, sanyi yana yanka kunne. Arzika yana gaba da jaki ɗauke da tabarmi da tukunya da buhun dambu, da sabon bargo na saƙi da ya saya don surukinsa. Yara sun sha man kaɗanya har suna ƙyalli, an naɗe su da zannuwa sai idanu. Da la'asar suka isa Shagari. Haliru ya yanka musu rago, ya ɗauki jikarsa a cinya, ya yi ta ba'a da Atika yana cewa ita ce za ta gaji kafin shi. Tsoho ne mai jiki, farin gemu, gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, idonsa kuma ba ya gani da nisa. Atika ta ci ragon. Ta ma ce a ƙara mata.

Washegari suka nufi wajen Kajiji, Haliru a kan jakinsa. Da hantsi suka isa kufan Kurma. Ba abin da ya rage sai kukoki biyu da duwatsun murhu da bakin wata rijiya da ta rufta. Suka ɗaure jakuna a inuwa, suka dama fura, Dije ta nuna wa yara inda aka ce ɗakin uwarta yake. Haliru yana gefe yana jan carbi.

"Ni dai da na tsaya nan," ya ce. "Addu'a ko daga ina anka yi ta tana isa."

"Haba Malam Haliru," in ji Atika, "ka zo har gindi ka koma? Ga ɗanka nan shi riƙe ka. A hankali za mu bi."

Dutsen Kurma ba dogo ne can ba, amma hawansa da wuya. Jan dutse ne mai marmara, hanya tana bi ta cikin geza da sabara, ta lanƙwasa, wani wuri sai an sa hannu. Yara suka ruga gaba suna ihu, suna cika baki da magarya. Wani garken zabi ya tashi firr daga ciyawa, Arzika ya jefa sanda bai samu ko ɗaya ba, aka yi ta yi masa dariya. Iska mai sanyi tana kaɗawa amma rana ta fito tar, daga tsakiyar dutse kana hango karan dawa a gonaki da shanun Fulani kamar farin tsakuwa. Dije tana ta waƙa. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin hawa irin na bana ba.

Atika tana baya, tana kallon ƙeyar Haliru. Ta lura da wani abu. A wurin da hanya ta rabu biyu, inda ko Arzika sai ya tsaya ya duba, tsohon nan da ba ya gani sosai, wanda ya ce rabonsa da dutsen tun yana saurayi, ya karkata hagu tun kafin a ce masa. Akwai kuma wani wuri da hanya ta matse, dutse a dama, rami a hagu. Arzika ya saki hannunsa ya wuce gaba don ya jawo shi. Na ɗan lokaci Atika ce kaɗai a bayansa, tafin hannunta bai fi taki ɗaya daga bayansa ba. Ta damƙe hannun nata da ɗayan. Ba ta so ya mutu Dije tana yi masa kukan uban kirki.

Rana ta take tsaka suka iso tsamiyar. Haliru ya zube a kan dutse yana haki, zufa tana zuba duk da sanyin. Atika ta ba yara ƙwarya ta ce su je can gindin kanya su cika ta, kada su dawo sai an kira su. Sannan ta juya ga bakin kogo ta ce, "Hito."

Rahamatu ta fito. Tun jiya ta iso daga Sifawa da ƙafa, ta hau ita kaɗai, kamar yadda suka shirya da Atika.

Arzika ya ja da baya, Dije ta riƙe bakinta. Haliru ya ƙanƙance ido yana ƙoƙarin ganewa.

"Wa ta wagga?"

"Ba ka gane ni ba, Haliru? Rahamatu ta, ƙanwar Atika. Wadda kake ce ma amaryar gari."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya tattaro murya ya ce, "Allahu akbar! Ashe kina raye. Alhamdu lillahi, alhamdu..."

"Bar godiya tukuna," in ji Rahamatu. Ta juya ga Arzika. "Kai na ɗan Maniru? Kana da goshinsa. Saurara ka ji yadda ubanka ya mutu. Muna ciki, mun yi tsit, ko tari babu mai yi. Mahara sun kewaye dutsen ga tun safe ba su same mu ba, har mun ji sun fara sauka. Ni ina leƙe ta tsagar can. Sai na ga sun dawo, da mutum gabansu. Babu igiya ga wuyansa, babu mashi ga bayansa. Ya tsaya daidai inda kake tsaye, ya ɗaga sanda ya nuna tsamiya, ya juya ya sauka da sauri. Ga shi nan zaune."

"Ƙarya ta!" Haliru ya yi tsawa. "Bauta ta taɓa mata hankali. Atika, kin kawo ni nan don mahaukaciya ta ci mutuncina gaban ɗiyana?"

"Shanu goma sha ɗaya," in ji Rahamatu. "Sun kama ka da su ga mashaya, kac ce in sun bar maka za ka nuna musu abin da ya fi shanu. Hanya duka suna ba juna labari suna dariya. Suna kwaikwayon tahiyarka."

Arzika ya dubi surukinsa. "Baba, ka ce wani abu."

Tsohon ya duba hagu da dama kamar mai neman wanda zai tsaya masa. Ba kowa sai iska da tsamiya. Muryarsa ta sauka.

"Ba ku san yadda anka yi ba. Ba don shanu ba na. Sun kama Dije, sun ɗora mata wuƙa. Wane uba na zai tsaya shi ga an yanka ɗiyarsa? Don ke na yi, Dije. Don ke."

Dije ta yi taku ɗaya wajensa, hawaye suna zuba. Rahamatu ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Dije tana bayana, Haliru. Ni nig goya ta. Ka aika Ladi Kajiji wurin iyayenta tun jajibirin ranar, shi ya sa ka ɗauka naka sun tsira. Zazzaɓi ya kama ta ga hanya, tad dawo ba ka sani ba. Da munka ji su bakin kogo, Ladi ba ta iya ko tsayuwa. Ni nik kwance zanena na naɗe yarinyar ga, na tura ta cikin tsaga, na sa mata ɗan yatsanta ga baki. Ladi ta ji abin da mahara ka faɗi kamar yadda na ji. Ta tambaye su kamannin mutumin, sunka gaya mata. Daga ranar ba ta sake buɗe baki ta ci ko ta sha ba. Bayan kwana huɗu sunka kwance ta daga igiya sunka bar ta bakin hanya, da sauran numfashinta."

Daga can gindin kanya ana jin yara suna gardama a kan ƙwarya.

Haliru ya sunkuyar da kai. "Ban san tana ciki ba," ya ce a hankali. "Wallahi ban san tana ciki ba."

"Amma ka san Maniru shina ciki," in ji Atika.

Arzika ya zaro wuƙar da ke ɗamararsa. Atika ta sha gabansa, ta riƙe wuyan hannunsa da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"Maida ta. Ya ci min miji, ba shi ci min ɗa ba. In ka taɓa shi kai za a kashe. Maida ta, na ce."

Ya mayar. Atika ta juya ga Haliru.

"Tashi ka shiga."

"Atika, don Allah, don zumuncin da..."

"Shiga!"

Bakin kogon gajere ne, sai da rarrafe. Babban mutumin Shagari ya durƙusa a kan gwiwoyinsa masu ciwo, babbar rigarsa tana jan ƙasa, ya rarrafa ciki. Atika ta bi shi. Ta kama hannunsa ta cusa a cikin tsagar har kafaɗa, ta ce nan 'yarsa ta kwana biyu tana kuka. Ta ja shi ta dafa tafinsa a ƙasa a bakin ƙofa, ta ce nan kan Maniru yake, nan ƙafafunsa. Sannan ta tsaya a kansa ta kira sunayen mata da yara goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, ta sa shi ya maimaita kowanne. Da ya yi tuntuɓe a kan wani suna sai ta sa ya sake daga farko. Sau uku yana komawa.

Da ta fito ta ɗauki sandarsa ta wurga ta ƙasan dutse, ta bi ta da takalmansa. Ta ɗauke gorar ruwa da bargon da Arzika ya shimfiɗa masa.

"Ka san hanya," ta ce. "Ka hau da su, ka sauka kai kaɗai. Yanzu ma sai ka sauka."

Haliru ya rarrafo bakin kogo yana kiran 'yarsa. "Dije! Dije, ɗiyata, kada ki bar ni nan."

Dije ta tsaya ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta wuce gindin kanya, ta goya ƙaramar, ta kama hannun babban, ta kama hanyar sauka. Yaron ya tambaya ina Kaka. Ta ce yana hutawa.

A gindin dutse Arzika ya tsaya yana kallon sama. Fushinsa ya ɗan sauka, tsoron Allah ya shige shi.

"Inna, sanyin ga na iya kashe shi. Tsoho na, babu takalmi."

Rahamatu ta ɗaga ƙafarta ɗaya ta nuna masa tafin. "Da wagga nij je Gwanja, ɗana, da igiya ga wuya. Shi taku nawa gare shi?"

Atika ta kwance jakin Haliru ta ɗora ƙanwarta a kai. Ba su yi kwana ukun ba. Kafin faɗuwar rana suna Shagari.

Da gari ya waye Atika ba ta tafi Bodinga ba. Ta kama hannun Rahamatu suka je bakin rijiya, suka je ƙofar masallaci, suka bi gidajen duk 'yan Kurma da ke garin. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Ta dai ce ga Rahamatu ta dawo, ku ji daga bakinta. Akwai wani tsoho da aka ɗauke masa mata da 'ya'ya mata uku a ranar, wanda shekara da shekaru Haliru yake aika masa da nono. Da ya ji sai ya ɗauko ƙwaryar nonon safiyar nan ya kifar a tsakar gida.

Da azahar wasu makiyaya suka shigo gari ɗauke da Haliru a kan gadon kara. Sun tsince shi a tsakiyar dutse, ya zame a matsatsin nan, ƙugunsa ya karye, ƙafafunsa duk jini, leɓɓansa sun yi fari. Ba wanda ya fito ya tarye shi sai 'ya'yansa maza na matarsa ta biyu, su ma kansu a ƙasa.

Da alƙali ya sa aka kawo shi, Atika ta yi zaton zai musa. Bai musa ba. Ƙila ya gaji, ƙila ya ga ba sauran abin karewa. Alƙali ya sa aka raba garkensa ga iyalan waɗanda aka kashe da waɗanda aka kama, ya aika da sauran maganar Sakkwato. Daga can aka ce a bar shi, tunda ba ya ko iya tashi. Atika ta ƙi karɓar ko maraƙi. Ta ce a ba Rahamatu nata, ita ba ta sayar da Maniru.

Bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Da hantsi akan fito da shi zaure ya sha rana, mutane su wuce ba sallama. Duk ranar kasuwar da ta samu hali, Atika takan taso daga Bodinga da ƙafa, ta shimfiɗa ɗan buzunta daura da ƙofarsa, ta fito da auduga ta yi ta kaɗi inda zai gane ita ce. In ya rufe ido sai ta fara kiran sunayen nan a hankali. Limamin gari ya aiko mata cewa ya isa haka, ta bar wa Allah. Ta ce ta ji, ta gode. Kasuwa ta gaba ta dawo.

A gida kuwa abubuwa ba su koma yadda suke ba. Dije tana yin aikinta, tana gaishe da Atika da durƙuso, amma ta daina hira, ta daina waƙa. Sau ɗaya kawai ta yi maganar, suna gyaran albasa su biyu.

"Inna, da kin hwaɗa min cikin ɗaki. Ni kinka aika na ɗauko shi. Ina ta murna ga hanya kina kallona."

"Haka na," in ji Atika. "Da na hwaɗa miki da ba ki ɗauko shi ba."

Suka ci gaba da gyaran albasa.

Rahamatu ta zauna tare da su. Ta yi ƙiba kaɗan, Hausarta ta warware, yara suka saba da ita. Ita ba ta sake zuwa Shagari ba. Ta ce ta ga fuskarsa a bakin kogo, ya ishe ta. Abin da ke ranta ɗanta ne, duk ayarin goro da ya sauka sai ta je ta tambaya.

Haliru ya mutu da bazara, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan hawan. Wani ɗan Shagari da ya zo sayen gero ya kawo labari. Dije ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Arzika ya ɗauki hularsa ya tsaya yana juya ta, daga baya ya ce zai je jana'iza saboda yara, ko ba kowa. Atika ba ta hana shi ba. Ta dai tsare mai kawo labarin a zaure.

"Ya sha wuya?"

"A'a, Inna. Ya sha kunu bayan la'asar, ya jingina, shi ke nan. Ko shure-shure bai yi ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Atika ta koma tsakar gida ta zauna. Rahamatu ta kawo mata tuwo ta ture. Ranar ba ta ci komai ba, wanda duk ya yi mata magana sai ta hau shi da faɗa.